Dattijon da ke sayar da tsada a leda, a hanyar Dass

Duk mai bin hanyar Dass daga cikin garin Bauchi ya san masu sayar da dashe a bakin titi. Kayansu kusan iri ɗaya ne: mangwaro ɗan aure, gwaba, dogon yaro, malaina, sai fulawoyin masu manyan gidaje. Mutum ɗaya na tarar ya fita daban. Dattijo ne, ba shi da allo, yana can baya kusa da wata rijiya, kuma duk abin da ya jera a ƙarƙashin rumfar zanarsa 'yan daji ne: tsada, gwandar daji, taura, ɗinya, madobiya.

Tsada ce ta kai ni. Muna yara a ƙauyenmu ta wajen Toro, shanta muke yi har haƙora su mutu, a kasa tauna tuwon dare. Rannan na ambace ta a gida, autana ya zaci kukan farashin kaya nake yi. Abin ya tsaya mini a rai.

Na sayi tsada uku, gwandar daji biyu, madobiya ɗaya, duka naira 5,000. Da na fara neman ragi sai ya ce, "Malam, mangwaro kowa ya sha ya jefar da ƙwallon a bakin kwata. Wannan kuwa da ƙafata na shiga daji na tsinto irin." Na yi shiru na biya.

Sanin da yake da shi shi ne ainihin abin da mutum ke saya a wurin. Ya ce kada in ware tsada ita kaɗai a fili fetal, ta fi son kusa da wasu tsirrai. Daga baya 'yata da ke karatun tsirrai a jami'a ta bayyana mini dalili: saiwar tsada takan manne wa ta maƙwabta ta riƙa tsotsar ruwa da abinci. Baba bai shiga aji ba, ido ne ya koya masa. Kan madobiya kuwa ya daɗe yana magana, yana shafa ganyen kamar kan jika. Ita ce masu katako ke kira Madrid, wadda aka yi ta sarewa, musamman ta wajen Taraba, ana lodin gungumenta zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka saka ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta taƙaita cinikinsu. Wanda ya taɓa ganinta da rani, ta zubar da ganye kaf ta rufe kanta da fure rawaya, ya san abin da ake asara.

'Yar tawa ce kuma ta ba ni labarin da ya sa na daina ganin abin kamar wasa. A tsibirin Sent Helena, can tsakiyar tekun Atlantika inda Turawan Ingila suka tsare Napoleon, tsohon sarkin Faransa, har ya mutu a 1821, akwai wani ɗan itace mai farin fure da babu shi ko'ina a duniya sai nan. Awakin da matuƙan jiragen ruwa 'yan Fotugal suka saki a tsibirin suka cinye shi, har aka ɗauka ya ƙare. Sai a 1980 aka hango guda biyu maƙale a jikin wani dutse inda akuya ba ta iya kaiwa. Aka zura mutum da igiya ya yanko rassa, aka raina su, yau ga shi har a lambunan gidajen mutane.

Da na ji akuya sai na yi dariya, ban san tawa na tafe ba. Sati biyu da dashe, tunkiyar maƙwabta ta shigo ta aske gwandar daji guda tas. Wannan laifina ne, ban yi shingen ƙaya ba.

Amma akwai nasa laifin. Ba ya rubuta suna a jikin leda, da ka yake riƙe komai, kuma kai yakan manta. Ɗaya daga cikin tsadar tawa da ta ɗan tasa sai ga ganye mai fari ta ƙasansa, ashe magarya ce. Madobiyar kuma ta kwana biyu a leda, saiwarta ta nannaɗe kamar gammo, ta yi wata guda tana jinya kafin ta kama ƙasa. Na koma na faɗa masa. Bai yi musu ba, ya ce, "Tsufa ne, Malam, ka yi haƙuri," ya miƙo mini wata tsadar, ya ƙara da kullin toka in zuba a gindi saboda gara. Magaryar ma ban cire ta ba.

In za ka je, ka bari sai ruwa ya zauna, wajen watan Yuni. Ka tafi da kwali ko kwando, don ba ya kai wa kowa gida, kuma tsabar kuɗi yake karɓa. Ka ɗaga kowace leda ka dubi ƙasanta kafin ka biya. Ban da zuwa ranar Juma'a, yana daji neman iri tun asuba.

Tsadata ta farko yanzu ta kai gwiwa, ta fara fid da ƙaya. Autana kullum sai ya je ya duba ko ta yi 'ya'ya, ni kuwa ban gaya masa yawan damunan da Baba ya ce za mu jira ba.