Wata goma sha huɗu na Baffa a wani gidan kula da tsofaffi a Manchesta

Ban taɓa zaton zan zauna in rubuta sharhi a kan gidan kula da tsofaffi ba, domin a inda na tashi, a ce wane ya kai mahaifinsa gidan gajiyayyu abin gori ne da zai bi har jikoki. Sai dai ƙanin mahaifina, wanda ya zo Ingila karatu tun a shekarun 1970 kuma zama ya kama shi, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki bayan rasuwar matarsa, sannan cutar mantuwa ta biyo baya. 'Ya'yansa biyu ne, kowanne da aikinsa da ƙananan yara, gidansa kuma bene ne mai matsattsiyar matakala. Da ya faɗi karo na biyu cikin dare, asibiti suka ce ba za su sallame shi zuwa inda zai kwana shi kaɗai ba. Haka muka kai shi wani gida mai gado arba'in da ɗoriya a gefen Manchesta, inda nake zuwa gaishe shi kowace Asabar, wani lokaci har da daren Laraba.

Zan fara da kuɗi, saboda nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Da yawa suna ɗauka cewa tun da asibitin gwamnati na NHS kyauta ne, to wannan ma haka yake. Ba haka ba ne. A Ingila galibi wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma idan babu mata ko miji da ya rage a cikin gidan mutum, akan lissafa gidan a cikin dukiyar. Baffa yana da gida, don haka fam 1,300 ake karɓa a wurinsa kowane mako. Aski da yankan farcen ƙafa da rakiya zuwa asibiti duk ba sa ciki, kuma ba a faɗa mana wannan da baki ba, sai da takardar kuɗin watan farko ta zo muka gani.

Kafin mu zaɓi gidan mun duba rahoton hukumar CQC, wadda ke sa ido a kan irin waɗannan wurare tun 2009 kuma take raba su zuwa matakai huɗu. Gidan yana mataki na biyu daga sama, wato “mai kyau”. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne kwanan watan rahoton: ya kusa shekara uku, kuma manajar da aka yaba a cikinsa ta daɗe da barin aiki.

Duk da haka, a ɓangaren jinya ba ni da abin cewa sai yabo. Ɗakinsa a tsaftace yake kullum, babu zarnin da na ji a wasu gidaje biyu da muka zagaya tun daga bakin ƙofa. Magani yana zuwa a kan lokaci kuma ana rubuta kowace ƙwaya. Mutumin da ke yini tsakanin gado da kujera babban abin tsoro gare shi shi ne gyambon kwanciya, amma a wata goma sha huɗu ko ɗigo bai fito masa ba, domin ana juya shi a kan ƙa'ida kuma katifarsa ta iska ce. Akwai na'urar ɗaga majiyyaci, akwai kuma wata tabarma a gaban gado da ke kaɗa ƙararrawa da zarar ya sauko da ƙafa. A gaskiya, da a gida yake, duk ƙaunar da muke masa ba za mu iya rabin wannan ba.

Matsalar ta fito ne daga inda ba mu zata ba. Baffa ya yi shekara kusan hamsin yana Turanci, amma da cutar ta yi nisa sai Turancin ya fara zubewa, Hausar da ya sha a nono ta dawo. Yana cewa “ruwa”, yana cewa “sanyi nake ji”, ma'aikata suna murmushi suna gyara masa matashi. A cikin kundinsa aka riƙa rubuta cewa yana rikicewa kowace yamma, yana ƙoƙarin miƙewa yana naɗe hannun riga, har aka fara maganar a tuntuɓi likita a kan maganin kwantar da hankali. Ana cikin haka aka kawo wata ma'aikaciya 'yar Jos, ɗaya daga cikin dubban 'yan Najeriya da suka shigo bayan da gwamnatin Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a watan Fabrairun 2022. Ranar farko ta rusuna ta ce, “Baba, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?” Ya ɗago ya dube ta ya ce, “Alhamdu lillahi, 'yata. An yi La'asar kuwa?” Ashe duk wannan naɗe hannun riga alwala yake nema. Ta kawo masa ruwa a roba ta taimaka masa, ta juya kujerarsa gabas, kuma daga ranar maganar magani ta mutu. Ita ce ta rubuta kalmomin Hausa ashirin da ma'anarsu a takarda ta liƙa a jikin bango domin abokan aikinta.

Na daɗe ina tunanin wannan lamari, domin sa'a ce kawai ta kawo ta, ba tsarin gidan ba. A takardar da muka cika ranar farko akwai gurbin addini da na harshe, mun kuma cika su, amma babu alamar wani ya koma ya karanta.

Abinci ma sai da muka tashi tsaye. Sun amince ba za su ba shi naman da ba na halal ba, amma abin da suka yi shi ne cire naman kawai, ya zama kullum dankalin da aka dama da kifi ko cuku. Ya ƙi ci, ya rame, nauyinsa ya ragu da kilo huɗu cikin wata biyu. Da yake yana da matsalar haɗiya, ba su yarda mu kawo abinci daga gida ba sai da ƙwararriyar da ke duba haɗiyarsa ta gwada, ta kuma ce tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka da kunu mai kauri sun dace da shi. Yanzu suna ajiye mana a firji suna ɗumama masa. Abincin dare kuwa ƙarfe biyar na yamma ake bayarwa, wanda ya fi dacewa da canjin ma'aikata fiye da cikin tsoho.

Wanki ya ɓatar masa da huluna uku, kuma wata Asabar na tarar da shi sanye da rigar sanyin wani. Mun roƙi namiji ya riƙa yi masa wanka, suka ce za su yi ƙoƙari, amma namiji ɗaya ne a benen, don haka rabin mako ne kawai ake samu.

Dare shi ne inda gidan ya fi rauni. Ma'aikata biyu ne ga mutum ashirin, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinsu na haya ne da kamfani ya turo na dare ɗaya, bai san sunan kowa ba. Wata Laraba na zauna ina duba agogo, ƙararrawar ɗakin da ke kallon namu ta yi minti ashirin da biyar tana kaɗawa kafin a zo. Ban ga laifin ma'aikatan ba, domin su biyun suna wani ɗaki suna ɗaga wata tsohuwa. Na kai ƙorafi a rubuce, aka amsa mini cikin ladabi, amma adadin bai canza ba.

Ga wanda tsohonsa ke buƙatar jinya ta gaske, kuma yake da dangi a kusa da za su riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, zan iya ba da shawarar wannan gida. Wanda kuwa zai ajiye shi ya koma wani gari, ban ba shi shawara ba, musamman idan tsohon ba Bature ba ne. 'Yar Jos ɗin ta koma aikin asibiti bayan wata takwas, kuma tun watan Yulin 2025 gwamnati ta rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga ƙasashen waje, saboda haka ba na sa ran za a kawo wata mai jin Hausa nan kusa. Takardarta tana nan a bango, gefenta ya fara naɗewa. A makon jiya na ƙara kalmomi biyar a ƙasanta, na kuma nuna wa sabon ma'aikacin dare inda gabas take.