Masu jiran a-kori-kurar da kuka yi oda, ku yi hattara da mai cewa motarku ta maƙale a hanya

Jama'a, wannan gargaɗi na waɗanda suka je wurin dila suka zaɓi a-kori-kura tun daga launinta har girman injinta ne, suka ajiye kafin alƙalami, yanzu suna zaune suna ƙirga kwanaki kafin masana'anta ta ƙera ta a kawo. Ni ma na yi wannan zaman, wata biyar cur, kuma a wata na huɗu saura ƙiris wasu su raba ni da kuɗina. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, da hannuna na miƙa musu duk abin da suka yi amfani da shi a kaina.

Wanda bai taɓa irin wannan jiran ba zai ɗauka kana biya ne a hau ƙera maka. Ina! Dila zai shigar da odarka, kamfani ya karɓa, daga nan sai shiru. Kowane dila yana da kason motocin da kamfani ke ware masa, kuma sai kayan haɗa irin motar da ka zaɓa sun samu kafin a saka ka cikin jadawali. Haɗa motar kanta ba ta cin lokaci. Jiran da ke gabanta da wanda ke bayanta su ne masu cinye rai. Bayan ta fito a duba ta, a ajiye ta a fili har a samu gurbi a jirgin ƙasa ko na ruwa, a sauke ta a wata tashar, ta sake jiran tirelar da za ta kai ta wurin dila. Masu tunawa da shekarar 2021 sun san yadda ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ake sa wa motoci ya sa kamfanin Ford ya jibge dubban sabbin a-kori-kura a filin tseren motoci na Kentucky a Amurka, an gama ƙera su amma ba halin turawa. Saboda haka idan aka ce wa mai jira motarsa ta tsaya a wani wuri, ba ya mamaki. Ya san hakan na faruwa. Nan ne macuta suka samu ƙofa.

Ranar da aka turo min saƙon cewa an ba motata lambar shasi, wadda ake kira VIN, murna ta sa na ɗauki hoton saƙon yadda yake na saka a wani zauren Facebook na masu jira irina. Kowa haka yake yi a wurin, ana taya juna murna, ana kwatanta ranakun oda. Hoton yana ɗauke da lambar gaba ɗayanta, da lambar oda, ga sunana kuma a saman shafi. Bayan 'yan makonni na sake rubuta cewa an ƙera ta, an ce tana hanya, amma kwana goma sha biyu ke nan ba wani motsi. Wato na faɗa wa duniya cewa ga wani nan ƙagauta ta cika shi.

Kwana biyu bayan haka aka kira ni. Murya a natse, ba gaggawa.

"Yallaɓai, daga kamfanin jigila ne. Motarka tana tasharmu, an riƙe ta."

Sai ya karanto min lambar shasi daga farko har ƙarshe, ya faɗi launin motar, ya faɗi irin injin, har ƙugiyar jan tirela da na ƙara ya ambata, sannan ya kira sunan dilana. Ya ce dilan bai biya kuɗin ajiya da na inshorar hanya ba, idan ba a biya kafin ƙarfe biyar na yamma ba za a cire motar daga tirelar jibi, sai kuma wani wata. Ya ce in biya yanzu, dila zai cire min daga cikon kuɗi ranar karɓa. Kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da farashin motar, kuma da gangan suke yin haka. Wanda ya jira wata huɗu ba zai so ƙaramin abu ya ƙara masa wata guda ba. Ya turo min imel mai tambarin kamfani da hoton wata mota irin tawa sak a cikin layi, da lambar asusu.

Har na buɗe manhajar banki. Abin da ya tsayar da ni ba wayo ba ne, fushi ne. Na ce bari in kira wannan dilan in zazzage masa tukuna, ya karɓi kuɗina amma ya kasa biyan kuɗin ajiya. Ma'aikacin da na yi ciniki da shi ya bar ni na gama faɗana, sannan ya ce, "Malam, don Allah kada ka tura wa kowa komai. Motar nan ba taka ba ce tukuna, sai ranar da ka sa hannu a nan. Ba wani direba ko mai jigila da ya san lambar wayarka ta hanyarmu."

Wannan maganar ita ce gishirin zancen. Tsakaninka da masana'anta mutum ɗaya ne, dila. Kamfani dila yake sayar wa motar, dila ya sayar maka. Masu jirgin ƙasa da masu tirela yarjejeniyarsu da kamfani take, ba su da harka da kai, ba su da dalilin neman ko sisi a hannunka. Kuɗin kawo motar kuwa tun farko yana cikin lissafin da ka gani. A Amurka ma rubuce yake a kan takardar da ake mannawa a gilashin sabuwar mota, layinsa daban.

To ta yaya mutumin ya san launi da inji? Lambar shasi ba sirri ba ce, mu ne muke ɗaukar ta kamar sirri. Tun 1981 aka daidaita ta a Amurka zuwa haruffa da lambobi 17, ba a sa I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko suna nuna wanda ya ƙera motar, a tsarin Arewacin Amurka na goma yana nuna shekarar samfuri, na goma sha ɗaya kuma masana'antar da aka haɗa ta. Akwai shafukan intanet na kyauta da ke fassara ta, kuma wasu kamfanoni suna barin duk wanda ke da lambar ya buɗe takardar gilashin nan, inda launi da kayan ƙari da sunan dila suke a jere. Lambar wayata kuwa tana shafina, ni na saka ta shekarun baya na manta. Duk abin da ya karanto min ya sa na yarda da shi, aikin minti goma ne.

Da na koma zauren na ba da labari, sai ga wasu suna fito da nasu. Akwai masu tallar gurbi: wai odarsu ta kusa isowa amma sun fasa, ka mayar musu da kafin alƙalaminsu ka gaje layin. Oda ba ta sauya suna sai da sanin dila, in ma ya yarda, don haka duk mai ƙin ku je wurin dilan tare, ko ku kira shi tare, ba shi da abin sayarwa. Wanda ya fi muni shi ne imel da ke zuwa daf da isowar mota, da sunan ma'aikacin da ka sani, yana cewa sun sauya asusun banki, a tura cikon kuɗi can. Harafi ɗaya ne ya bambanta adireshin da na gaskiya. Wannan ba kuɗin ajiya yake nema ba, kuɗin motar gaba ɗaya yake so. Kuma duk inda aka ce ka biya da katin kyauta, wato katin sayayya da ake loda wa kuɗi, ko kuɗin kirifto, kashe wayar kawai, ba dilan da ke karɓar kuɗin mota ta nan.

Idan aka kira ka, kada ka yi amfani da lambar da mai kiran ya ba ka, ko wadda ke cikin imel ɗinsa. Ɗauko takardar odarka ka kira lambar da ke kanta, ko ka taka da ƙafarka. Idan kuma ka riga ka tura, kira bankinka a wannan sa'ar, kada kunya ta sa ka bari sai gobe, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda ka sanar da dila, domin wataƙila ba kai kaɗai aka kira a cikin masu jiransa ba. Tun ranar oda ma, ka sa a rubuta maka farashin da aka yi da kai, da ko kafin alƙalami yana dawowa idan ka fasa, a sa hannu, don an sha ganin farashi ya tashi ranar da mota ta sauka.

Motata ta iso kwana goma sha tara bayan wancan kiran, ban ƙara ko sisi ba. Na goge hoton daga zauren, amma na makara. Satin da ya wuce wata lamba ta turo min saƙo wai har yanzu motar tana tasha, kuɗin ajiya ya ninka, alhali ina zaune a cikinta nake karantawa.