Gidan masana'anta ko ginin magina: abin da mai saye zai duba

Mai neman gida a yau yana da hanya biyu. Ko ya sami fili ya kira magina su ɗora bulo kan bulo har a kai ga rufi, ko ya zaɓi tsari a masana'anta, a ƙera gidan a can, a ɗauko shi a tirela a kafa masa. Masu tallan hanya ta biyu sauri da araha suke ambata. Saurin gaskiya ne. Arahar kuwa sai an zauna an yi lissafi.

Gidajen masana'anta ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake ƙerawa ɗungurungum a kan firam ɗin ƙarfe, a jawo shi zuwa fili. A Amurka dokar tarayya ta ma'aikatar gidaje, HUD, ce ke kula da irinsa tun 1976. Akwai wanda ake yi ɗaki-ɗaki, a haɗa a kan harsashi na dindindin, kuma dokar ginin yankin ce ke hawa kansa kamar kowane gida. Na uku shi ne wanda ake ƙera bango da rufi falle-falle, a harhaɗa a wurin. A banki wannan bambancin ke fitowa fili. Na farkon sau da yawa ana lissafa shi cikin kayan da ake iya ɗagawa, sai a ba da bashi na gajeren lokaci da ruwa mai yawa, kuma in filin haya aka ɗora shi, darajarsa na iya yin ƙasa da shekaru. Sauran biyun galibi ana ba su bashin jinginar gida na yau da kullum. Ka tambayi banki da kamfanin inshora kafin ka tambayi launin fenti.

Dalilin saurin a bayyane yake: ana haƙa harsashi, ana ƙera ɗakunan a lokaci guda, ruwan sama bai tsayar da aiki, asarar kaya kuma kaɗan ce. Batun inganci ma bai kamata a raina ba. A Siwidin yawancin gidajen iyali da sassan katako na masana'anta ake yin su, a Japan kuma har Toyota na ƙera gidaje, ga Sekisui House da ta daɗe a harkar.

Sai dai kuɗin da ke jikin takardar talla yawanci na gangar jikin gidan ne kawai. Fili, harsashi, dakon kaya, injin ɗaga kaya, jawo ruwa da wuta, ramin bahaya, takardun izini, duk suna iya zama a wuyanka. Ka taka da ƙafarka ka duba hanyar shiga filin: kwana mai tsauri, ƙaramar gada, wayar lantarki da ta yi ƙasa, kowanne na iya hana tirela wucewa da ɗaki guda a bayanta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake biya. Masana'anta kan nemi kaso mai tsoka kafin alƙalami, alhali gidan yana rumfarsu, ba a filinka ba. Kamfanin ƙera gidaje Katerra na Amurka ya durƙushe a 2021, takwaransa Ilke Homes na Birtaniya ya bi sahu a 2023. Da magina kuwa mataki-mataki kake biya, kuma ko ɗan kwangila ya gudu, abin da aka gina yana nan a filinka. In ka zaɓi masana'anta, ka nemi a rubuta biya kashi-kashi, a kuma fayyace mai kayan tun suna can.

Ginin magina na da sassauci. Kana iya matsar da taga ana tsakiyar aiki, ka ƙara ɗaki bayan shekaru, ka yi gini daidai ƙarfin aljihu, kuma mai gyara ba ya wuyar samu. Matsalarsa sananniya ce: jinkiri, tashin farashin kaya, da ingancin da ya rataya a kan amanar wanda ke kwaɓa siminti ranar da ba ka nan. A masana'anta, da an fara yankan kaya, ƙofar sauya ra'ayi ta rufe, ko kuma ta buɗe da tsada.

Raunin gidan da aka harhaɗa a mahaɗa yake. A 1968 iskar gas ta fashe a benen Ronan Point da ke Landan, wanda aka harhaɗa da bangayen kankare na masana'anta, kusurwa guda ta rufto, mutum 4 suka mutu, bincike ya gano mahaɗan bangayen kankaren ba su da ƙarfi. An tsaurara dokoki bayan haka, amma har yanzu nan ne yoyo da tsagewa ke fara nunawa. Ka ɗauki injiniya naka, ba na kamfani ba, ya tsaya ranar kafawa, kuma takardar garanti ta faɗi wanda zai gyara in rufi ya yi yoyo: masana'anta ko masu haɗawa.