Karo-karon masoya ga makaɗan metal: abin da na biya da abin da na samu

Hanyoyi uku na gwada na tura wa makaɗan metal kuɗi kai tsaye: karo-karo na lokaci ɗaya irin na Indiegogo da Kickstarter, biyan wata-wata a Patreon, da sayen waƙoƙi a Bandcamp. Duka ukun suna aiki, amma ba abu ɗaya suke sayar maka ba, kuma na farkon, wanda aka fi zuzutawa, shi ne ya fi wahalar da mai biya.

Ga wanda bai san kiɗan ba, metal shi ne mai rugugin jita da ganguna, mawaƙin kuma wani lokaci gurnani yake yi maimakon rerawa. Wata maƙwabciyata ta taɓa leƙowa tana tambayar abin da ya lalace a ɗakina. Masoyansa ba su kai na sauran kaɗe-kaɗe yawa ba, sai dai akwai su da riƙo. A nan matsalar kuɗin take. Spotify da ire-irensa yawan sauraro suke biya, abin da ke faɗowa a kowane sauraro bai kai senti ɗaya ba, kuma tun 2024 a Spotify waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ko sisi ba ta samu. Ƙungiyar mutum biyar da waƙarta ɗaya ke cin minti 10 ba za ta ci abinci da wannan ba. Idan sun fita rangadi, hayar mota da mai da masauki su cinye kuɗin ƙofa, riguna ne ke fitar da su kunya, su ma wasu gidajen wasan sai sun yanki kasonsu. Shi ya sa za ka ga makaɗin da ake yi wa tafi a Jamus, ya koma gida ya ci gaba da aikin shago.

Karo-karon lokaci ɗaya yana da labarai masu daɗin ji. A 2013 Protest the Hero ta Kanada ta nemi dala 125,000 a Indiegogo don yin sabon faifai ba tare da kamfani ba, masoya suka tara mata sama da dala 340,000. A 2017 Wintersun ta Finland ta tara sama da yuro 460,000 a can ɗin, da niyyar gina sutudiyonta. Amma a lura, waɗannan sun riga sun yi suna a hannun kamfanonin faifai kafin su juyo ga masoya. Ƙaramar ƙungiyar da ba wanda ya sani, ko kuɗin kwana uku a sutudiyo da ƙyar take haɗawa.

Irin waɗannan ƙananan na fi sa wa kuɗi. Wata ƙungiya daga gabashin Turai ta yi alkawarin faifan CD da riga da sunan mai tallafi a cikin ɗan littafin faifan. Na biya, har da kuɗin aikowa da ya zarce kuɗin faifan kansa. Daga nan sai jira. Abin kamar kai wa tela ɗinkin sallah ne ka biya gaba ɗaya: kuɗinka ya tafi, sauran sai haƙuri da “an kusa”. Mai ganga ya bar ƙungiyar, aka sake naɗar gangunan. Kamfanin buga faifai ya ɗaga musu lokaci. Saƙonninsu da suke zuwa kowane mako suka koma sai an ga dama. Da kunshin ya iso, murfin robar ya tsage a gefe, rigar kuma an turo ƙarama, ƙanena ne ya gaje ta. Sunana dai yana nan, cikin ƙananan haruffa a shafin ƙarshe, tsakanin wani ɗan Poland da wani ɗan Chile. Ban ce ban ji daɗin ganinsa ba.

Ban ɗauke su macuta ba. Lissafi ne ya kayar da su. Kickstarter na cire kashi 5 cikin 100, masu sarrafa kati su cire kashi 3 zuwa 5, ga haraji, ga buga riguna, ga mutum biyar da suka iya jita amma ba su taɓa ɗaure kwali ɗari huɗu ba. Kuma ko amanar dandalin ba tabbas ba ce: PledgeMusic na Ingila ya durƙushe a 2019 da kuɗin mawaƙa a hannunsa, masoya sun biya, makaɗa ba su karɓa ba.

Patreon ya fi kwanta mini. Ne Obliviscaris ta Melbourne a Ostireliya, masu haɗa goge irin na Turawa da metal, suna cikin waɗanda suka fara buɗe wannan ƙofar a 2016, suka faɗa ƙarara cewa so suke kowane ɗan ƙungiya ya samu mafi ƙarancin albashi. An yi musu ca a lokacin, wai bara ce. Ni ban ga bara ba a wurin wanda ya ce ga aikina, ga abin da nake buƙata. A tsarin wata-wata kana ba da 'yan daloli, kana ganin bidiyon atisaye, kana jin waƙa kafin a sake ta, wani lokaci mai jita ya zauna ya nuna yadda yake kaɗa wani sashe a hankali. Ranar da ka ga sun yi sanyi, ka janye, ba wanda ya riƙe maka komai. Aibinsa shi ne yana mayar da makaɗi ɗan talla. Akwai watan da za ka gane an ɗora bidiyo ne kawai don kada a ce ba a ɗora ba.

Bandcamp kuwa ba surutu. Ka biya, ka sauke waƙoƙin a take, naka ne ko intanet ta ɗauke. Dandalin na ɗaukar kashi 15 a waƙoƙin saukewa, kashi 10 a kaya, kuma tun Maris 2020 akwai wasu Juma'o'i da yake yafe kasonsa gaba ɗaya. Nakan tara abin da nake so in saya a irin ranar.

Mai biya daga Najeriya yana da nasa ƙarin ciwon kai. Katin naira na bankina ya sha ƙin wucewa, sai da na koma katin dala na manhaja, wata-watan kuma yana tashi duk lokacin da canji ya motsa. Saboda haka yanzu ba na zaɓar komai da sai an ɗaure a kwali. A karo-karo matakin saukewa kawai nake ɗauka, kuma sai ƙungiyar da ta riga ta gama naɗa, kuɗin tacewa da bugawa take nema. Wadda ta ce in biya tukuna za ta fara rubuta waƙoƙin, zan jira ta a Bandcamp.