Cajar waya a kan babur: kai tsaye daga batir, ko ta bayan makulli?

Batirin babur volt 12 ne, idan inji ya tashi yana kai 14, ita kuwa waya volt 5 take sha. Saboda haka ko ta ina za ka ɗauko wuta, sai ka sa caja mai rage ƙarfi, da fis na amfiya 2 ko 3 a kan wayar wutar, kusa da inda ka ɗauko.

Haɗawa kai tsaye ta fi sauƙi: ja a kan +, baƙa a kan -, shi ke nan. Ɗan kabu-kabu zai yi caji yana zaune a tasha, injinsa a kashe. Matsalar ita ce cajar ba ta barci. Ko babu waya a jikinta tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan, musamman mai ƴar fitila, kuma batirin ƙananan baburan da suka cika Maraɗi bai wuce 5 zuwa 7 Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) ba. Ka ajiye babur na makonni, ka dawo sai da kik.

Ta bayan makulli ta fi wuyar haɗawa, amma ita na fi so, don da ka kashe makulli cajar ta daina shan wuta. Ka nemo wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli, kamar ta oda ko mai shiga makunnin fitilar birki. A baburan da ke bin tsarin Honda yawanci baƙa ce, koriya kuma ita ce ta jiki (wato -), amma ka gwada da mita tukuna. Ka kiyayi rawayar waya ta babbar fitila: a babura da yawa wutarta daga koyil take zuwa, tana hawa da sauka tare da totur, tana ƙona caja.

Mahaɗar kuma a yi mata dalma a naɗe da kyau, don girgizar hanyar Dan Issa da ƙurar hunturu suna kwance waya da aka murɗa da hannu kawai.