Gargaɗi kan tallan aikin sa-kai a gidajen "marayun zakuna" na Afirka ta Kudu

Ina jan hankalin matasanmu, musamman waɗanda suka karanci ilimin dabbobi da gandun daji, game da wani talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp, inda ake gayyatar mutum ya biya kuɗi ya je Afirka ta Kudu aikin sa-kai a cibiyar da ake cewa tana rainon 'ya'yan zaki marayu domin a mayar da su dawa. Hoton da ake nunawa yana da ɗaukar hankali: matashi ya rungumi ɗan zaki yana ba shi madara a bulumboti. Mafi yawan waɗannan wurare gonakin kiwon zakuna ne na kasuwanci, kuma 'ya'yan ba marayu ba ne.

Ana raba ɗan zaki da uwarsa yana da 'yan kwanaki a duniya, saboda zakanyar ta sake ɗaukar ciki da wuri, alhali a dawa takan yi kusan shekara biyu tana raino. Sai a miƙa shi ga ɗan sa-kai, wanda da kuɗin aljihunsa yake kwana yana shayarwa, yana share keji, yana kuma tarbar baƙi masu yawon buɗe ido da su ma sun biya don su yi hoto da shi. Idan ya tasa, a mayar da shi wurin tattaki da baƙi. Idan ya girma ya fi ƙarfin wasa, a sayar wa maharbi ya harbe shi a cikin shingen da ba shi da mafita, ƙasusuwan kuma an sha kai su Kudu maso Gabashin Asiya, inda ake haɗa magungunan gargajiya da su a madadin na damisar Asiya (tiger). Zakin da ya saba da hannun mutum tun yana jariri bai koyi farauta daga uwarsa ba, ba ya kuma tsoron mutane, don haka zancen sakinsa a dawa yaudara ce tsagwaronta.

Lamarin ba ƙarami ba ne, domin akwai zakuna kusan 8,000 a gonaki sama da 300 a ƙasar, fiye da ninki biyu na zakunanta na dawa. A watan Mayun 2021 ministar muhalli ta ƙasar a wancan lokaci, Barbara Creecy, ta sanar da aniyar gwamnati ta kawo ƙarshen sana'ar, amma sanarwa ba ta rufe gona.

Kafin ka tura ko sisi, tambaye su ko suna barin baƙi su taɓa zakuna, ko dabbobinsu suna haihuwa a wurin, da kuma inda manyan suke tafiya. Cibiya ta gaskiya ba ta kiwo don haihuwa, ba ta sayarwa, ba ta bari a ɗauki jariri. Duk dillalin da ya ce ka zuba kuɗin biza a asusunsa na kansa, ko ya yi alkawarin aikin zai koma na albashi, ka guje shi. Mai son wannan aiki da gaske ya fara tuntuɓar hukumomin Yankari a Bauchi ko Gashaka-Gumti a Taraba kai tsaye, ba ta hannun ɗan tsakani ba.