Abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗin manhajar rajista mai gurabe da yawa

Mai makarantar kuɗi a Katsina, ko mai kemis a Daura, idan ya tashi sa a rubuta masa manhajar kwamfuta ta ɗaukar bayanan ɗalibai ko kwastomomi, yakan fi mayar da hankali ga kyan fuskar fom da farashin aikin. Abin da ya fi waɗannan tasiri a kan aikin yau da gobe shi ne yadda aka tsara guraben rubutu su bi doka ɗaya, wato ƙa'idar da ke tantance abin da gurbi zai karɓa. A fom guda ana iya samun lambar wayar uba, da ta uwa, da ta wanda za a kira in larura ta taso, ga NIN, ga BVN, kuma kowacce lamba goma sha ɗaya ce, yayin da lambar asusun banki take goma. Idan mai rubuta manhajar ya kwafi dokar ya liƙa a kowane gurbi daban, ranar da aka buƙaci gyara sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya bai tsallake wani ba.

Hanyoyin da suka fi wannan kyau guda biyu ne. Ta farko ita ce a rubuta dokar sau ɗaya, a ɗaura guraben duka a kanta. Ta biyu, wadda na fi so ga manhajar da ake sa ran za ta girma, ita ce a ƙera gurbi na musamman, misali gurbin lambar waya, wanda dokar ke cikinsa, a riƙa ɗauko shi duk inda ake buƙata. Ta farko ta fi saurin kammaluwa, saboda haka ta fi araha, kuma ta wadatar ga fom ɗaya ko biyu.

Kayan aikin da aka zaɓa don rubuta manhajar suna da nasu tasirin. Windows Forms na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2002, yana ba da damar haɗa gurabe da yawa ga umarni ɗaya cikin sauƙi, kuma Visual Studio Community, manhajar da ake yin aikin a cikinta, kyauta ne ga mai aiki shi kaɗai. Sai dai Windows Forms a kan Windows kawai yake aiki, kuma akwai tarko a cikinsa: idan dokar tana sauraron danna madanni ne kurum, duk abin da aka kwafo aka liƙa da linzamin kwamfuta zai wuce ba tare da an tantance shi ba. Java Swing ya kauce wa wannan ta hanyar DocumentFilter, wanda ke tace rubutun ko ta wace hanya ya shigo, kuma matata ɗaya tana iya yi wa gurabe da yawa aiki. Qt ma haka yake da QValidator, ga shi yana tafiya a Windows da Linux da macOS, amma wajibi ne a tambayi lasisi, domin cikin hanyoyi biyu na amfani da shi a harshen shirya manhaja na Python, PyQt yana ƙarƙashin lasisin kyauta mai tsauraran sharuɗɗa (GPL) ne ko lasisin da ake biya, PySide kuwa yana ƙarƙashin lasisin kyauta mai sassauci (LGPL). Tkinter yana zuwa tare da Python ba a biya ko kobo, kuma ya isa ga ƙaramin aiki. Microsoft Access yana bari a sa dokar a jikin teburin bayanai tun daga tushe, amma shi ma na Windows ne kuma ana biyan kuɗinsa.

Gurbin suna ne ya fi damuna, domin a nan ake cutar da mutanenmu ba da gangan ba. Dokar da aka kwafo daga intanet sau da yawa haruffan A zuwa Z kaɗai take karɓa, saboda haka Sa'adatu da Mu'azu ba za su shiga daidai ba, kuma ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ba zai iya rubuta sunan makarantarsa yadda yake ba. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ma za a kore su, Ɗanladi ya koma Danladi a takardar sakamako har abada. Idan dokar suna a wuri ɗaya take, gyara na minti kaɗan ya wadatar da fom ɗin gaba ɗaya.

Saboda haka kafin ka biya kashin ƙarshe na kuɗin, ka zauna gaban kwamfutar da kanka. Ka rubuta lambar waya mai farawa da 080, ka adana, ka sake buɗewa ka ga ko sifirin farko yana nan, domin idan an ajiye ta a matsayin adadi zai ɓace. Ka kwafo rubutu mai haruffa ka liƙa a gurbin NIN. Ka shigar da suna mai ƙ da wani mai alamar (') irin Mu'azu. Daga nan ka roƙi mai aikin ya canza saƙon gargaɗin da ke fitowa a gurbin lambar waya zuwa Hausa a gabanka, ka lura ko wuri ɗaya ya buɗe ko wurare biyar. A sa wannan gwajin cikin yarjejeniyar aiki a rubuce, tare da sharaɗin cewa zai miƙa maka asalin rubutun manhajar, domin wani ya iya ci gaba da gyara idan shi ya yi nisa.